Shekara Uku Ina Zargin Bayana, Ashe Katifa Ce

Da farko na ɗauka tsufa ne ya fara leƙo ni. Shekarata 41 a lokacin, amma idan na farka da safe sai na yi kusan minti goma zaune a bakin gado, hannu biyu dafe da kwankwaso, ina lallashin bayana ya bar ni in miƙe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ciwon ba ya wuni. Da na yi wanka na ɗan yi kai-komo a cikin gida, kafin hantsi ya ɗaga sai in neme shi in rasa. Dare ya yi in kwanta garau, gari ya waye in tashi kamar wanda aka kwana ana duka. Mai lura da tuni ya gane cewa a cikin sa'o'i bakwai ɗin nan na kwanciya ake yin ɓarnar. Ni kuwa na zargi kujerar ofis na canza ta, na zargi takalmi, na zargi dogon tuƙi, na sha maganin kashe zafi har cikina ya fara ƙorafi. Katifar da nake zubewa a kanta kowane dare, ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Matata ce ta kama ɓarawon. Wata safiya tana canza zanin gado sai na ji ta ƙwala mini kira: "Maigida, zo ka ga ikon Allah." Na iske ta gitta sandar goge ɗaki a kan katifar, daga wannan baki zuwa wancan. A ɓangarenta sandar ta kwanta daidai, sai ɗan abin da ba a rasa ba. A nawa kuwa, daidai inda ƙuguna ke sauka, akwai kwarmin da na jera yatsu huɗu a cikinsa ba su taɓa sandar ba. Katifar soso ce, shekararta 11 a wurinmu, ta yi ta lotsawa a hankali har ido ya saba ya daina gani. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nawa ɗakin dai ya daɗe yana yoyo a kaina, ina ta ɗora wa maƙwabta laifi.

A nan ne na tafka kuskuren da ya sa nake ba da wannan labari. Duk wanda na gaya wa ina ciwon baya, amsarsa ɗaya ce: nemi katifa mai tauri, in da hali ma ka koma kwana a ƙasa. Na tashi ni kaɗai, ban ɗauki matata ba, na ce wa mai sayarwa ya nuna mini wadda ta fi kowacce tauri. Ya kai ni gaban wata da aka rubuta wa "otofedik" da manyan baƙaƙe, wato wai don lafiyar ƙashi da baya aka yi ta. Na dunƙule hannu na danna, ko gezau. Na zauna a bakinta, tamkar na zauna a kan benci. Na ce to, ga magani ya samu. Iyakar gwajin da na yi mata ke nan, duka-duka bai kai minti biyu ba. Sai daga baya na fahimci cewa kalmar otofedik ba ta da wani ma'auni guda da ya ɗaure kowane kamfani, kowa da abin da yake nufi idan ya manna ta a jikin kayansa.

Makon farko na yi ta yabon kaina, domin fitowa daga rami kaɗai ta isa ta ba mutum sauƙi. Wadda ta fara ɗanɗana kuɗarta ita ce matata. Ita mai kwanciyar gefe ce, yawanci a kan dama, gwiwoyi a ɗan naɗe, kuma ba ta da jiki, nauyinta bai wuce kilo 58 ba. Katifar ba ta ma san an hau ta ba. Nauyinta duka sai ya taru a wuri biyu, kan kafaɗa da ƙashin ƙugu, kwiɓinta kuwa yana sama babu abin da ya tallafe shi. Cikin dare hannunta ya sage, ta farka tana yarfe shi, ta juya hagu, bayan awa guda hagun ma ya ɗauka. Da aka yi wata biyu sai na fara farkawa wajen ƙarfe uku in shafa gefenta in ji wayam. Ta ja bargo ta koma doguwar kujera a falo.

Ni ma ba a jima ba nawa ya dawo da sabon salo. Idan na kwanta rigingine, gadon bayana da mazaunaina ne kawai ke dafe da katifar, lanƙwasar kwankwasona tana sama kamar gada, tsokar wurin ta kwana tana aiki maimakon ta huta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sai dai girman kai bai bar ni na amsa ba. Ni na zaɓo, ni na ce ita ce magani, don haka duk sanda ta yi ƙorafi sai in ce, "Ki ƙara haƙuri, jiki ne bai saba ba." Wata takwas muka yi a haka. Rashin barci kuwa ba a jiki kaɗai yake tsayawa ba. Mun yi cacar baki a kan ƙofar da aka bari a buɗe, a kan makullin da aka ajiye ba a muhallinsa ba, a kan abubuwan da yanzu ko tuna su kunya nake ji, kuma ban taɓa alaƙanta wannan saurin fushi da abin da muke kwana a kai ba.

Abin da ya sauke mini taurin kai shi ne ranar da na sunkuya zan ɗaure igiyar takalmi bayana ya riƙe, na kasa ɗagowa. Matata ta raka ni asibiti, aka tura mu wurin likitar fisiyo, masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki. Kafin ta ambaci gado sai da ta jero mini tambayoyin da suka ɗan ba ni tsoro: ko ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana sagewa ko rasa ƙarfi, ko fitsari ko bayan gida na ƙwace mini, ko ina zazzaɓi, ko ina ramewa ba dalili. Ta ce mai irin waɗannan alamu, zancen katifa bai taso masa ba tukuna, bincike yake buƙata ba tare da jinkiri ba. Na ce babu ko ɗaya. Ta sa na sunkuya, na ɗaga ƙafa, ta danna nan ta danna can. Sannan ta koma kujerarta ta ce, "Malam, yaya kake kwanciya?"

Na ce, "Rigingine, likita. Tun ina yaro."

Matata ta kasa riƙe dariya. Ta ce, "Likita, da rigingine yake farawa, wannan gaskiya ne. Minti ashirin sai minshari, in zungure shi ya juya gefe. Kafin asuba kuwa ruf da ciki za ki same shi, ƙafa ɗaya a naɗe, wuya a murɗe." Na buɗe baki zan musa, ta ciro waya ta nuna mana hoto. Gani ya kori ji. Ashe shekara da shekaru yadda nake fara kwanciya kawai na sani, yadda nake kwana kuwa sai mai kallona.

Likitar ta jawo takarda ta zana mana ƙashin baya. Idan an dube shi daga gefe yana da lanƙwasa: ya shiga ciki a wuya, ya fito a gadon baya, ya sake shiga a kwankwaso. Idan kuma an tsaya a bayan mutum aka dube shi, a miƙe yake sak. Aikin katifa shi ne ta bar shi a wannan siffa duk yadda mutum ya kwanta, kuma hakan yana neman abu biyu da kamar ba sa jituwa. Ta ba da wuri inda jiki ya fito, wato kafaɗa da ƙugu, ta kuma tokare inda jiki ya shiga. Tsohuwar katifarmu ta ba da wuri har ta manta da tokara. Sabuwar kuwa tokara kaɗai ta iya.

Ta bi kwanciyar ɗaya bayan ɗaya, tana kallon wanda abin ya shafa. Matata ta fi kowa buƙatar laushi a sama, domin mai kwanciyar gefe a kan siririn wuri yake ɗora nauyinsa, in kafaɗa ba ta ɗan nutse ba sai ƙashin baya ya karkace, hannu kuma ya danne. Mai rigingine ya fi sauƙin gamsarwa, nauyinsa a baje yake, abin da yake nema kawai mazaunai su ɗan shiga, katifa ta taso ta cike gurbin kwankwaso. Mai ruf da ciki shi ne a ɗaya ƙarshen. Tsakiyar jiki ta fi ko'ina nauyi, idan katifa ta yi laushi sai ciki da ƙugu su nutse, baya ya banƙare, a kwana a haka. Ni kuma duka ukun nake yi a dare guda, da kilo 94. Ta ce idan gado ɗaya za mu ci gaba da kwana, mu nemi mai matsakaicin tauri, wadda ta ɗan fi karkata wajen taurin.

Ban yarda nan take ba, don abin da mutum ya taso da shi ba ya fita da magana ɗaya. Sai ta ambata mini wani bincike, na koma gida na nemo shi a intanet na karanta. A shekarar 2003 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga aikin da Dakta Francisco Kovacs da abokan aikinsa suka yi a Sifaniya. Sun ɗauki mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso wanda ba a gano masa takamaiman sababi ba, aka sauya musu katifa, wasu aka ba su mai tauri, wasu mai matsakaicin tauri, ba tare da an gaya musu wacce suka samu ba. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a kan matsakaiciyar sun fi samun sauƙin ciwo a kwance, sun kuma fi iya gudanar da harkokinsu na yini. Na karanta sau biyu. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne binciken ya daɗe da fitowa kafin in je in danna waccan katifar da dunƙulen hannu.

Akwai wani abu a cikinsa da ya cece ni daga sabon ruɗani. A ma'aunin Turai da suka yi amfani da shi, lamba 1 ita ce mafi tauri, 10 mafi laushi. Mai taurin nasu tana kan 2.3, matsakaiciyar tana kan 5.6. Amma ma'aunin da yawancin masu talla ke rubutawa a juye yake, 10 ce mafi tauri, matsakaiciya mai ɗan tauri tana wajen 6 zuwa 7. Wanda ya riƙe lamba a ka ya tafi saye bai tambayi ta wane ɓangare ake ƙirga ba, zai iya dawowa da kishiyar abin da ya je nema.

A karo na biyu tare muka tafi, kowa rungume da matashin kansa, abin da ya sa yaran shagon suka yi ta satar kallonmu. Na riga na yanke shawarar katifar sifirin nake so, wato mai naɗaɗɗun wayoyin ƙarfe a ciki, saboda dalilai biyu. Ni mai gumi ne, soso kuwa yana riƙe zafin jiki, alhali cikin katifar sifirin fili ne da iska ke ratsawa. Na biyu, mai yawan juyi irina yana son abin da zai ɗan turo shi idan zai juya, ba wanda zai rungume shi ya riƙe ba.

Mun yi dace da dattijon mai sayarwa wanda ba ya gaggawa. Ya ɗauko wasu guntayen katifu da aka yanka don a ga cikinsu. Na farko shi ne tsohon samfuri da ake kira Bonnell, kowane sifirin yana da faɗi a sama da ƙasa, ya tsuke a tsakiya kamar kalangu, an kuma ɗinke su da juna da wata murɗaɗɗiyar waya. Ya danna guda ɗaya da tafin hannu, na kusa da shi duk suka bi shi ƙasa. Akwai kuma wanda waya ɗaya doguwa ce aka yi ta naɗawa ta zama jeri guda, shi ma halinsu ɗaya wajen bin juna. Sai ya jawo na uku, wanda kowane sifirin yake zaune shi kaɗai a cikin aljihun yadi, aljihunan ne kawai aka haɗa. Ya danna ɗaya, maƙwabcinsa ko motsi bai yi ba. Na ɗauka sabon yayi ne, ashe ya girmi kakana: wani injiniya mai suna James Marshall ne ya yi rajistar fasahar a Kanada a shekarar 1900, kamfanin Simmons na Amurka kuma ya yaɗa ta da katifarsa Beautyrest a 1925, bayan an samu injin da ke sa sifirin a aljihu ba sai da hannu ba.

Wannan bambanci a jiki muka gan shi. Dattijon ya sa muka kwanta tare a kan mai Bonnell, ya ce, "Yallaɓai, juya kamar yadda kake yi da dare." Na juya, matata ta yi sama ta dawo kamar mai zaune a kwalekwale. Muka koma kan mai aljihu na sake juyawa. Ta ce, "Ka juya ɗin?" Nan take na san an gama magana a kan irin sifirin. Ba ina kushe Bonnell ba ne, yana da ƙarfi, kuma ga mai kwana shi kaɗai ko ma'aurata masu kusan nauyi ɗaya zai iya wadatarwa. Amma tazarar kilo 36 tana tsakaninmu, kuma kafaɗarta tana buƙatar sifirin da zai sauka shi kaɗai ba tare da ya janye na ƙarƙashin kwiɓinta ba.

Na tambaye shi yawan sifirin, don na ga ana tallata lambobi masu ban tsoro. Ya yi murmushi ya ce yawa yana da amfani, amma kada in bar shi ya rufe mini ido. Girman gado yana canza lissafin, kuma sifirin dubu na siririyar waya mara inganci bai kai ɗari shida na kirki ba. Ya ce in duba gejin wayar, wato ma'aunin kaurinta, wanda yawanci yake tsakanin 12 da 15, kuma nan ma a juye ake karantawa: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri da tauri, babbar lamba siririya mai laushi. Sai kuma shimfiɗar da ke saman sifirin, soso ne ko roba, domin ita ce fata da kafaɗa ke ji. Sifirin na iya yin shekaru lafiya lau, amma in sosan saman ba shi da nagarta shi zai fara lotsawa, mai katifa ya yi ta zagin sifirin da bai ji ba bai gani ba.

Katifa uku muka ware, dukkansu an rubuta musu matsakaicin tauri, kuma wallahi babu biyu da suka yi kama a jiki. Kowacce muka ba ta minti 15. Kunya ce ta fara kama ni, babban mutum a miƙe a tsakiyar shago mutane na wucewa, amma da na tuna wata takwas ɗin nan sai na rufe ido na gyara kwanciya. Minti biyu na farko kowace katifa daɗi gare ta. Sai wajen minti na goma take fara faɗin gaskiya.

Likitar ta koya mana gwaji biyu. Na rigingine shi ne mutum ya zura tafin hannu a ƙarƙashin kwankwasonsa. In ya shige salin-alin har da sauran fili, katifar ta yi tauri. In ya ƙi shiga sam, ka nutse da yawa. Abin da ake so ya shiga da ɗan turjiya. Na gefe kuwa sai da mutum biyu. Matata ta kwanta yadda ta saba, na durƙusa a bayanta idona daidai da gadon, ina bin ƙashin bayanta daga wuya zuwa ƙasa, na ɗauki hoto a kowacce. A ta farko kafaɗarta ta toƙare sama, wuyanta ya karkace, ga ɗan haske yana ratsawa ta ƙarƙashin kwiɓinta. A ta uku layin ya miƙe tsaf, ta ce kamar kada ta tashi. Amma da na hau wannan ta ukun na kife, sai na ji cikina yana ta tafiya ƙasa, bayana ya lanƙwashe kamar baka, minti biyar ban cika ba na ji tsohon ciwon yana sallama.

A nan na gane abin da takarda ba za ta iya faɗa ba. Taurin katifa rabinsa a jikin wanda ya hau ta yake. Wadda matata ke kira mai tauri ni a wurina daidai ce, wadda take kira daidai ni a wurina ta yi laushi. Muka koma ta biyu muka sake ba ta wasu minti 15. Ita ba ta ji daɗin da ta ji a ta uku ba, ni ma na fi son ƙarfin ta farko, amma hotonta ya nuna layi a miƙe, hannunta bai sage ba, nawa tafin hannun ya shiga da turjiya, da na kife kuma ƙuguna bai nutse ba. Sifirin mai aljihu ce, an ƙara wa na tsakiya ƙarfi daidai inda ƙugu ke sauka, da shimfiɗa mai laushi ta wajen santimita 5 a sama. Kafin mu tashi na zauna a bakinta na sunkuya kamar zan ɗaure takalmi, don in ga ko bakin zai zube da ni. Ya riƙe. Na kuma karanta takardar garanti a tsanake, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, na ga an faɗi zurfin da lotsawa za ta kai kafin a saurari ƙorafi, an kuma ce tabo a jikinta yana iya soke garantin. Wannan ne ya sa muka haɗa da rigar katifa mai hana ruwa shiga.

Da a ce labarin ƙirƙira ne, da na ce washegari na tashi kamar ɗan shekara ashirin. Ba haka aka yi ba. Mako biyun farko jikina ya yi tsami a wuraren da ban saba ba, har na fara tunanin ko na sake yin asara. Sai na lura tsakiyar gadon tana ɗan yin ƙasa idan na hau. Muka ɗaga katifar, ashe laifin na katakon gado ne: an jera su da tazara mai faɗi, ɗaya ma ya tsage. Waccan mai kama da benci ba ta damu ba, amma sifirin mai aljihu kowanne yana son abin da zai taka, wanda ya faɗo a kan gurbi sai ya zurma. Kafinta ya zo ya sauya wanda ya tsage, ya ƙara wasu har tazarar ta dawo ƙasa da santimita 7, ya kuma sa ƙafa a tsakiya. A daren ranar na ji kamar wata katifar aka kawo.

Matashin kai shi ne ragowar aikin, kuma mutane da yawa suna raina shi. Tun da kafaɗar matata yanzu tana ɗan nutsewa, tsohon matashinta ya yi mata tudu. Ta sauya da wanda ya cike tsakanin kunne da kafaɗa daidai, ta ƙara ƙarami a tsakanin gwiwoyi don kada ƙafar sama ta ja ƙugu. Ni na koma siriri, domin mai ƙarewa ruf da ciki in ya ɗora kai a kan tudu, wuyansa ne zai biya. Idan na fara da rigingine nakan sa ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, kwankwaso ya saki. Ita dai ta fi son in kwanta a gefe, tun da a rigingine minshari ya fi tashi, har ta saya mini dogon matashi in runguma ko zai hana ni kifewa.

Wajen mako na biyar ne wata safiya na tsinci kaina a tsaye a banɗaki ina goge baki, sai na tuna ban zauna a bakin gado ba. Na sauko ne kawai na tafi. Na daɗe a gaban madubi da buroshi a hannu. Matata kuwa tun makon farko ta daina hijira zuwa falo, kuma ban san ranar da rigimar makulli ta mutu ba.

Ba zan ba katifa ladan da ba nata ba. Likitar ta ba ni motsa jiki na ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, na riƙe shi, na rage kilo 7, na koyi tashi daga kujera bayan kowace awa. Har yau in na yi dogon tuƙi bayana yakan tuna mini yana nan. Abin da katifar ta ɗauke shi ne ciwon safiya, wanda dama tsohuwar katifar da 'yar'uwarta mai tauri suka kawo shi. Kuma ban ƙara cewa kowa ya sayi irin tawa ba, tun bayan wani abokin aikina da ya ji ina yabo ya je ya ɗauko irinta sak ba tare da ya kwanta a kai ba. Shi ya haura kilo 115, kuma ruf da ciki yake kwana tun daga farkon dare har ƙarshe. A jikinsa ta zama mai laushi, wata uku ya mayar da ita ɗakin baƙi ya nemo wadda ta fi ta tauri. Da ya zo yana mini ƙorafi, na ga kaina ne a ranar da na danna katifa da dunƙulen hannu, sai dai shi da kunne ya danna tasa.

Yanzu katifar tamu shekararta huɗu. Duk wata uku muna juya ta, kai ya koma ƙafa, amma ba ma kifa ta, don mai fuska ɗaya ce, ƙasanta ba a yi shi don kwanciya ba. Yara sun san dokar tsalle a kanta. An ce irin wannan katifa takan yi shekara bakwai zuwa goma, amma ni ba kalanda nake jira ba, sandar goge ɗaki nake jira. Makon jiya matata ta sake gitta ta. Na durƙusa na leƙa, na zura yatsa ɗaya a ɓangarena, da ƙyar ya shiga. Na ɗago ina murmushi na ce mata ai ga amfanin daina kwanciyar ruf da ciki, tun da ta sayo mini dogon matashin nan ban sake kifewa ba.

Ba ta ce komai ba. Ta ɗauko waya ta miƙo mini. Hoton na daren jiya ne, ga ni a kife, wuya a murɗe, ƙafa ɗaya a naɗe, dogon matashin yana can ƙasa a gefen gado.